Wai gilashi yana cin ido? Zare daga Karfi

1/
Shekara 11 ke nan ina sa gilashin magani, kuma tambayoyi biyu ne suke bi na duk majalisar da na zauna: "Wai har yanzu idon naka bai warke ba?" da "Ba ka tsoron gilashin nan ya ƙarasa cinye maka ido?" Yau zan amsa su gaba ɗaya in huta. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Amsa a taƙaice, don masu ƙarancin data: matsalar rashin ganin nesa, in dai ta gaskiya ce, ba ta komawa baya da kanta. Gilashi ba ya warkar da ita, kuma ba shi ke ƙara ta ba. Aikinsa ya sa ka gani muddin yana fuskarka. Babbar asarar da muke yi tana cikin shekarun da ake ɓatawa ana jiran ido ya "washe". Mai son jin dalili, mu je.

3/
Ni ɗan Karfi ne, ta Malumfashi, ba ta Kura ba, kafin Kanawa su ce nasu ne. A wajenmu gilashi iri uku aka sani: baƙi na 'yan kabu-kabu saboda ƙura, na karatu na dattawa, sai na gayu. Yaro ɗan sakandare ya sa farin gilashi? Ko dai iyayi ne ko ƙaryar boko. Daga ranar sunanka ya koma "ido huɗu" ko "Farfesa".

4/
Tun ina aji biyar na firamare allo ya fara yi mani dishi-dishi. Abin da manya ba su cika ganewa ba shi ne, yaron da ba ya gani da kyau bai san ba ya gani ba. Da idon wa zai gwada? A zatona kowa haka yake ganin allo daga baya, kamar rubutu a cikin hazon hunturu. Sai na ƙware wajen kwafa daga littafin na kusa da ni. In ya rubuta shirme, mun rubuta tare.

5/
A unguwa ana cewa ina da girman kai, wai ana ɗaga mani hannu daga nesa ba na amsawa. A gona Baba zai ce, "Kai, yi maza ka kori shanun can kafin su shiga masara," in tsaya ina ƙanƙance ido ina neman inda shanun suke. A makaranta kuma sunana yana cikin marasa maida hankali. Ba wanda ya haɗa abubuwan nan wuri ɗaya, har shekara biyar.

6/
Ina SS1 wata malamarmu ta kimiyya, Allah ya saka mata da alheri, ta lura da yadda nake tsuke ido. Ta rubuta lambobi a allo, ta sa ni in karanta daga bencin ƙarshe. Ban iya ba. Ta aika a kira Baba. Buhun masara guda ya fitar ya sayar, muka tafi gwajin ido. Takarda ta fito: -1.50 a kowane ido. Ina da shekara 16.

7/
Ranar da na fara sa shi, icen bedin ƙofar gidanmu na tsaya kallo (darbejiya, ga mutanen Kano). Ashe ana ganin ganye ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa. Da dare na ɗaga kai, ashe taurari ƙananan ɗigo ne masu kaifi. Ni duk shekarun nan kamar an watsa gari a sama nake ganin su.

8/
Sai ga inda rigimar take. Bayan shekara ɗaya lamba ta koma -2.25. Bayan wasu biyu ta kai -3.00. Inna ta ce, "Ka gani ko? Sai da na ce kar a saka maka abin nan. Da can kana yawonka ba gilashi, yanzu in ka cire ko ƙofa sai ka lalubo." Kuma fa maganarta tana da kan gado. Abin da ta gani da idonta ta faɗa. Don haka amsa ta gaskiya ta kamace ta, ba "ke Inna ba ki gane ba."

9/
Ku tuna majigi, irin na gidan kallon ƙwallo. Akwai inji mai harba hoto, akwai farin ƙyalle. In tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai, hoto ya fito tar. Ka ja ƙyallen baya kaɗan ba tare da ka murɗa injin ba, sai hoto ya dagule. Injin lafiyarsa lau, ƙyallen ma lafiyarsa lau. Tazarar ce ta ɓaci.

10/
Ido ma haka yake. Gabansa yana tattara haske, a can bayansa kuma akwai wani siririn labule da hoton yake sauka a kai, likitoci suna ce mashi ratina. Idon babban mutum daga gaba zuwa baya milimita 23 zuwa 24 ne. In ya zarce da milimita ɗaya tak, hoton abin da ke nesa sai ya haɗu kafin ya isa labulen. Milimita ɗayan nan tana jawo lamba kusan -2.50 zuwa -3.00. Ita ce mayofiya a bakin likitoci.

11/
Gilashinmu mai alamar cirewa (-) yana ɗan buɗa hasken kafin ya shiga ido, don hoton ya matsa baya ya faɗa kan labulen daidai. Iyakar aikinsa ke nan. Yana zaune a kan hanci, bai taɓa ƙwayar ido ba. Ba ya gajarta ta. Idon da ya riga ya yi tsawo kuwa ba ya komawa gajere, kamar yadda mutum ba ya rage tsayi don ya daina cin tuwo.

12/
Ga wani lissafi ga masu gilashi. Raba santimita 100 da lambarka, za ka samu iyakar inda kake gani tar in ka cire. Mai -1.00, mita ɗaya. Mai -2.00, santimita 50. Mai -4.00, santimita 25, kusan tsawon littafin rubutu. Shi ya sa muke karanta waya lafiya lau ba gilashi, sai a ce, "Ai ga shi nan yana gani, iyayi ne kawai."

13/
To me ya sa lamba take hawa bayan an fara sa gilashi? Saboda shekarun da ake fara sa shi su ne shekarun da jiki yake girma. Matsalar galibi tana farawa tsakanin shekara 6 da 14, ta yi ta ƙaruwa har wajen ƙarshen shekarun sha, wasu har farkon ashirin, sannan ta lafa. Ka saya wa yaro takalmi lamba 36, baɗi ya koma 38. Akwai wanda ya taɓa cewa takalmin ne ya ja mashi ƙafa?

14/
Tawa ta tsaya a -3.75 ina da shekara 22. Yau shekara biyar ke nan ba ta motsa ba, alhali tun daga sallar asuba har in kwanta gilashin yana fuskata. In da shi ke cin idon, da yanzu ya cinye ya sha ruwa.

15/
Saura maganar "in ka cire ka fi da rashin gani". Rabinta gaskiya ce, don ido ya ƙara tsawo a tsakani. Ɗaya rabin kuma sabo ne. Gidan da aka tashi da aci-balbal ba wanda yake ƙorafin duhu. Ranar da aka sa sola, aka yi wata guda da ita, batir ya mutu aka koma aci-balbal, kowa zai rantse fitilar ta rage haske. Fitilar tana nan yadda take. Ƙwaƙwalwa ce ta ɗanɗana gani tar, ta daina yarda da hazo.

16/
Kuma an gwada maganar Inna a aikace. A Malesiya an ɗauki yara 94, aka raba su biyu. Rabi aka ba su cikakkiyar lambarsu, rabi aka rage masu ƙarfin gilashin da gangan, wai ko ido zai "yi ƙoƙari da kansa". Aka bi su shekara biyu. Sakamakon da aka buga a 2002: waɗanda aka rage wa lamba su ne idonsu ya fi saurin lalacewa.

17/
A Gana ma an yi irin wannan gwaji da 'yan makaranta, aka buga a 2016. Rage lambar bai hana komai ba. Don haka mai ce maka "karɓi mai rauni don kar ido ya saba", hazo kawai ya ƙara maka, ba riba.

18/
Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ƙauyukan yammacin ƙasar Sin, manoma irinmu, masu tsoron gilashi irin namu. An shiga makarantun firamare 252. A cikin yaran da ke buƙatar gilashi, kashi 15 cikin 100 kawai suke da shi. Aka raba wa wasu kyauta. A ƙarshen shekara makinsu na lissafi ya fi na sauran tashi, an buga wannan a 2014. Da aka cire masu gilashin aka auna idon tsurarsa, bai fi na sauran lalacewa ba.

19/
Na san wani yana can yana shirin rubuta, "Amma ni na san wanda ya warke, ya ajiye gilashi." Ban ƙaryata ka ba. Akwai hanyoyi huɗu da hakan ke faruwa, kuma biyu daga ciki ba abin murna ba ne.

20/
Ta ɗaya: tun asali ba ta gaskiya ba ce. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka da take matsawa in kana kallon kusa. In yaro ya daɗe kan littafi ko waya, takan ɗaure ta ƙi saki, nesa ya yi hazo na ɗan lokaci. In aka auna shi a haka, lamba za ta fito fiye da gaskiya. Shi ya sa masu gwajin ƙwarai suke ɗiga wa yara maganin da ke sakin tsokar kafin su auna. Irin wannan kam yana washewa.

21/
Ta biyu: shekara arba'in. Daga nan ganin kusa yake fara wahala ga kowa, shi ya sa dattawa ke miƙa takarda nesa da fuska. Mai -2.00 ko -3.00 shi kuma sai ya cire gilashinsa ya karanta abinsa lafiya. Mutane su ce ya warke. Ka nuna mashi lambar motar da ke tsallaken titi ka ji. Wasu lambar takan ɗan sauka a wannan shekarun, amma kaɗan ne.

22/
Ta uku: Kawuna. Shekara da shekaru da gilashin karatu yake karanta Alƙur'ani. Yana dab da saba'in, wata rana ya ajiye shi ya ci gaba da karatu tar. Gida ya ɗauki murna, ido ya dawo. Amma a lokacin ne ya daina gane mutum daga ƙofar masallaci, fitilar mota kuma tana kashe mashi ido da dare. Da aka duba, yana ce ta fara.

23/
Wani nau'in yanar ido yana taurara madubin da ke cikin ido, ya ƙara mashi ƙarfi, sai tsoho ya koma mai ganin kusa na ɗan lokaci kafin duhu ya rufe. An yi wa Kawu aiki a Kano, alhamdu lillahi yana gani. In kakarka ta fara zura zare a allura bayan ta yi shekaru ba ta iyawa, ku yi hamdala, sannan ku kai ta a duba.

24/
Kuma asibiti nake nufi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, kan mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya gano yana ita ce kan gaba wajen makanta. Kusan kashi 43 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, turawar gargajiya aka yi masu, kuma mafi yawansu ba su samu ganin kirki ba. Binciken dai ya nuna babban dalilin raunin gani matsakaici shi ne rashin gilashin da ya dace.

25/
Ta huɗu: ciwon suga. In suga ya hau ko ya sauka da yawa, madubin cikin ido yakan canza, lamba ta yi ta yawo cikin kwanaki ko makonni. Yau kana gani, jibi hazo, gata ka ce ka warke. Babban mutum da ganinsa ke canzawa haka, ya fara auna suga kafin ya yanki sabon gilashi.

26/
"To aikin leza fa?" Yana yi, ga wanda ya cancanta kuma lambarsa ta tsaya. Ana fere fatar nan mai sheƙi da ke gaban baƙin ido, a canza mata lanƙwasa. Kamar an sassaƙa gilashin ne a jikin idon. Mutum zai ajiye firam, amma tsawon ƙwayar ido yana nan yadda yake, don haka duba lafiyar ido bai faɗi a kansa ba.

27/
Yanzu 'yan kasuwa. Masu bidiyon "motsa ido minti biyar kullum ka jefar da gilashi" ba su zo da sabon abu ba. Wani likita a Amurka, William Bates, ya buga littafi kan haka tun 1920. Shekara ɗari da ɗoriya, har yau ba gwajin da ya nuna motsa ido yana gajarta ƙwayar ido. Hutar da ido yana rage gajiya da ciwon kai, wannan gaskiya ne. Lamba dai tana nan.

28/
Karas, zogale, manja, hanta, mangwaro: ku ci, suna da bitamin A, kuma rashinsa yana kawo dundumi. Dundumi daban, rashin ganin nesa daban. Ruwan albasa, ruwan suga, nono, da duk wani haɗi da ake ɗigawa a ido, don Allah ku bari. Ba ɗayansu da ke kaiwa inda matsalar take, amma suna iya yi wa gaban ido gyambo, tabon kuma ba gilashin da ke gyara shi.

29/
Haka maganin ɗigawa na kemis da ake saya ba takardar likita. Wasu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Suna faranta jan ido nan take, shi ya sa ake son su. In aka daɗe ana ɗigawa suna iya tada hawan jinin ido, su kuma jawo yana. Hawan jinin ido yana cin jijiyar gani a hankali ba zafi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa.

30/
Sai gilashin faifai na ranar kasuwa, wanda ake gwadawa da guntun jarida. Galibinsu masu alamar tarawa ne (+), na karatun dattawa. Ga Baba mai shekara hamsin suna da amfani. Ka saka wa yaron da ba ya ganin allo, ka ƙara mashi hazo. Aron na yaya ko na aboki ma ba ya yi, don kowane ido da lambarsa, sau da yawa ma na dama da na hagu ba ɗaya ba ne.

31/
To akwai abin da ke karewa? Akwai, kuma mu 'yan yankin noma ya kamata mu buɗe kunne a nan. A 2008 an kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7 a birane biyu. A Singafo kashi 29 cikin 100 suna da matsalar. A Sidni ta Ostareliya kashi 3. Jini ɗaya. 'Yan Sidni ma sun fi karanta littattafai. Bambancin: suna yin kusan awa 14 a waje duk mako, 'yan Singafo awa 3.

32/
A birnin Guangzhou aka ƙara wa wasu makarantu minti 40 na zama a waje kullum. Bayan shekara uku, kashi 30 cikin 100 ne suka kamu, a sauran makarantun kusan kashi 40. An buga a 2015. Taiwan kuwa tun 2010 ta sa makarantunta su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana. Masana suna ganin hasken rana yana sa labulen bayan ido ya saki wani sinadari da ke taka wa tsawon ido birki.

33/
Don ku san inda abin yake iya kaiwa: a Seoul ta Koriya ta Kudu an auna samari 'yan shekara 19, aka samu kashi 96 cikin 100 da matsalar. Wani hasashe na 2016 ya ce nan da 2050 kusan rabin mutanen duniya ne. Mu a Afirka, a tsakanin 'yan makaranta, kusan kashi 5 ne. Gado yana da nasa kaso, in uwa ko uba suna da ita haɗarin ya fi yawa. Amma gado bai canza a Koriya cikin shekara hamsin ba, zaman ɗaki ne ya ƙaru.

34/
Abin da Taiwan ta kafa wa tsari, mu a Karfi kyauta muka same shi: kai abinci gona, kiwo, roron wake, tsinkar auduga, langa a dandali, karatun allo a gindin ice. Yanzu ku duba ƙannenmu. Boko da safe, Islamiyya da yamma, lesin a tsakani, da dare waya a ƙarƙashin bargo. Karatun duk alheri ne. Tambayar ita ce awa nawa yaron yake ganin hasken rana.

35/
Na san halin tsaro a kudancin Katsina ya sa iyaye da yawa suna tsare yara kusa da gida, kuma ba mai ganin laifinsu. Ba sai an je daji ba. Tsakar gida waje ce. Inuwar ice waje ce, haskenta ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa. A shimfiɗa tabarma a yi aikin gida a nan. Awa biyu a rana ake nema. Ya fi ƙarfi wajen hana matsalar farawa, don haka tun suna ƙanana.

36/
Wanda ta riga ta kama, yanzu akwai hanyoyin rage mata gudu: maganin ɗigawa na atirofin mai rauni sosai, wanda aka gwada a Singafo da Hong Kong, da wasu gilasai na musamman na yara. Rage gudu suke yi, ba sa maida ido baya, kuma sai a hannun likitan ido. Amfaninsu shi ne kar lamba ta yi nisa, don daga -6.00 zuwa sama haɗarin yagewar labulen ido da hawan jinin ido yana ƙaruwa.

37/
Masu babbar lamba, ku riƙe wannan: in ka fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo da yawa sun bayyana lokaci ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana rufowa daga gefe, ranar za ka tafi asibitin ido. Ba a jiran a gama girbi, ba a jiran albashi.

38/
Abin da ya sa na zauna rubuta duk wannan: ɗiyar yayata, shekararta 11. Tana zama dab da talabijin, tana tsuke ido, makinta yana sauka. Na yi wa babanta magana, ya ce, "Haba ƙanina, ɗiya mace da gilashi tun yanzu? A bari ta girma, ƙila ya washe. Gobe dangin miji su ce mun ba su mai ciwon ido." Na ce, "Yaya, ba ni kwalin sabulu da allura."

39/
Na huda ƙaramin rami a kwalin. Muka rataye kalanda a bangon tsakar gida, ta tsaya kamar taku takwas. Da ido tsurarsa ba ta iya karanta kwanan wata ba. Ta leƙa ta ramin, ta karanto su tas. Ramin yana tace haske ya bar na tsakiya kaɗai, shi ya sa hoto ke fitowa, kuma shi ne dalilin da muke ƙanƙance ido. In gani ya gyaru ta rami, galibi gilashi zai gyara shi.

40/
Sai Yaya ya ce a ba shi ya gani ko dabo ne. Ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya yi shiru. Ya sauke kwalin, ya sake ɗagawa. Mutumin da yake tuƙa mashin zuwa Funtua kusan kullum, ashe shi ma kalandar hazo take yi mashi. Su biyu suka tafi gwaji. Ita -1.25, shi -1.00. Batun dangin miji dai bai sake tasowa ba. 😅

41/
'Yan uwana masu mashin da masu mota, wannan naku ne. Titin Funtua zuwa Malumfashi da magariba, ga tirela, ga rami, ga mai amalanke ba fitila. Mai wannan matsalar ganinsa ya fi raguwa in haske ya ja baya. Haka manomin da ke ƙarshen gona, a wannan zamani yana da buƙatar ya gane wa ke tahowa tun yana nesa. Ba don boko kaɗai ake sa gilashi ba.

42/
Malaman makaranta, kashi 5 cikin 100 yana nufin a aji mai yara 80 akwai kamar huɗu. Ku lura da mai tsuke ido, mai kwafa daga maƙwabci, mai tasowa gaban allo, mai manna fuska a littafi. Ku gwada su ido ɗaya bayan ɗaya daga mita shida. Ƙananan yara sun fi gaggawa: in ido ɗaya ya daɗe cikin hazo kafin shekara bakwai ko takwas, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da shi, gyaran ya yi wuya daga baya.

43/
Ina za a je? Ku fara da babban asibiti mafi kusa, Malumfashi ko Funtua, ku tambayi inda ake gwajin ido. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin koyarwa na ABU a Shika, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943 da kuma na Makka. Ku karɓi takardar lambarku ku adana. Yaro mai gilashi a sake auna shi duk shekara.

44/
Ana cewa ciwon ido sai haƙuri. Wannan dai ba ya cikin waɗanda haƙuri ke magani, gwaji ne na 'yan mintuna da gilashi guda. Ku tura zaren nan group ɗin gidanku, musamman ga iyaye da malamai. Masu gilashi kuma ku faɗa mana a ƙasa: kuna shekara nawa aka gano, kuma wane suna aka laƙaba maku? Allah ya ƙara mana lafiya, ya kare mana ganinmu. Amin.